Dalan Ba Dillali Ba Ne

Deira, Dubai
4 ga Maris, 2023

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma gwiwar Inna ta yi sauƙi. Ni lafiya lau, 'yan kasuwar Kano ba su daina cika min ɗakin abinci ba.

Baba, wannan watan Idris zai cika shekara biyu da rasuwa. Ka tuna tsokanar da ka yi min ranar aurenmu, cewa kakanmu ya je yaƙin Bama ya dawo da lambar girma, ni kuma na ɗauko miji daga can? Har yau ina duba hoton da ya turo min daga garinsu Mandalay, can Bama, bayan zaɓen 2020, yana ɗaga ƙaramin yatsansa da tawadar ƙuri'a, bakin nan har kunne. Wata uku ba a cika ba sojoji suka kifar da gwamnatin. Laifinsa kawai buga tukunya, yadda unguwa duka take yi kullum don nuna ba ta yarda ba. Gawarsa suka maido wa uwarsa.

Na yi baƙo daga unguwarsu, Than Oo sunansa, ya zo a wahale. Na kira Zaituna, ƙanwar Idris, layi yana yankewa, na dai ji ta ce dillali ne. Na tsaya masa ya samu iƙama, wato takardar zama, da sunan shagona, na haɗa shi da alhazai. Ya koyi cin miyar kuka har yana neman ƙari.

'Yarka,
Wasila

Deira
19 ga Yuni, 2023

Baba,

Ina gaisuwa, ya jikin Inna? Ni kam jikina lafiya, zuciyar ce babu.

Layi ya samu jiya, na yi wa Zaituna godiyar dillalin da ta shaida min. Sai ta fasa ihu. Ashe ba dillali ta ce ba, dalan ta ce. A harshensu dalan shi ne mai nuna wa sojoji gidan da aka ji ƙarar tukunya. Shi ya nuna ƙofar su Idris. Da matasan garin suka fara farautar irinsa, ya gudo nan, kuma duk faɗin Dubai bai ga ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba sai tawa.

Baba, wata uku ina zuba masa tuwo a kwanon Idris. A kwanon Idris! Na tsani mutumin nan, na tsani kunnena da ya juya min magana.

Yau ya shigo cin abincin rana. Na ɗauki muciya na buga gindin tukunya sau uku ina kallon idonsa. Alhazai suka yi dariya, sun zaci kiran abinci ne. Shi kuwa loma ta faɗi daga hannunsa.

A gaida Inna, kada a gaya mata.

Wasila

Deira
2 ga Yuli, 2023

Baba,

Saƙonka ya iso, Allah ya ƙara girma, ina fata kowa lafiya. Ka ce in bar wa Allah. Na karanta ya fi sau goma.

Than Oo ya zo ya durƙusa a bakin kicin yana kuka. Wai ɗansa sojoji suka riƙe, sai da ya ba da suna suka sake shi. Wai in na soke iƙamarsa za a mayar da shi gida, can kuma ana jiransa. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma gida nawa ne a layin, ya zaɓi na mutumin da suka taso tare? Idris ma ɗan wani ne.

Na san abin da ke jiransa, ba zan ce maka ban sani ba. Kai ka saba cewa rama cuta ga macuci ibada ne, ko da yake na san ba irin wannan kake nufi ba.

Ranar Litinin na sa hannu a takardar soke iƙamarsa. Biron ya yi yoyo, tawada ta ɓata min ƙaramin yatsa. An ƙwace wa Idris ƙuri'arsa, Baba. Ni na kaɗa tawa, kuma har yanzu ban goge tawadar ba.

Ka yafe min in za ka iya.

'Yarka,
Wasila, matar Idris