Kan Bidi Na Wane Ne?

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Na dawo Gozaki bayan kammala bautar ƙasa, da digirina na kimiyyar dabbobi, ina tsammanin tarba. An yi tarbar, an yanka zakara. Amma abin da na tarar a bayan gida ya ɓata mini lissafi gaba ɗaya.

Bidi, dokinmu na tsere, Yaya Awaisu ya ƙara masa wata igiyar fata bayan kamazurunsa na ainihi. Tana tasowa daga majayin sirdi, ta bi tsakanin ƙafafun gaba, ta ratsa zoben linzami, sannan ta dawo hannun mahayi. Da an ja ta, haɓar doki sai ta nufi ƙirjinsa, yana so ko ba ya so. A wurin wani abokinsa mai wasan ƙwallon dawaki, wato folo, ya samo ta. Mutanen gari har sun raɗa mata suna, wai “ruku'u”. Suna dariya suna cewa dokin gidan mahaifinmu, marigayi Malam Maitama, ya tuba.

Ni ban ga abin dariya ba. Wannan azabtarwa ce da aka yi wa ado da sunan horo.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Da safe, bayan sun dawo daga kilisa, na duba Bidi. Gefen bakinsa duka biyu ya ɗaye. Wuyansa ya sandare, na taɓa ya zabura. Numfashinsa yana fita da wani sauti da ban so ba. Dabbar da aka lanƙwashe mata maƙogwaro, a ce kuma ta yi gudun tsere ƙarshen wata a Malumfashi! Mantiƙi ma ba zai karɓi wannan ba, balle kimiyya.

Na gabatar wa Yaya hujjojina a jere, cikin ladabi gwargwadon iko. Ya saurara yana zuba harawa. Da na ƙare sai ya ɗaga leɓensa na sama ya nuna mini giɓi. Wai bara ana tsakiyar gudu Bidi ya wurgo kai baya, ya same shi a baki. “Saura kaɗan na faɗo ƙarƙashin dawakin da ke bayana, Farfesa. Kai kana can kana rubuta jarrabawa.”

Ba a taɓa gaya mini ba. Inna ce ta hana, wai kada hankalina ya tashi.

Duk da haka giɓi ba hujja ba ce ta ilimi.

Talata, 5 ga Nuwamba

Taƙaddama ta yi zafi yau. Na ce ina da haƙƙi a kan dokin nan, kuma gaskiya na faɗa. Lokacin da aka saye shi ƙafa-ƙafa muka yi tarayya, yadda ake yi da bijimi: Yaya ƙafa biyu, ni ɗaya, ƙanwarmu Sa'adiya ɗaya.

Ya ce, “To madalla. Taka ta baya ce, ta hagu. Je ka yi mata lacca.”

Matarsa tana tankaɗe a tsakar gida, sai da ta ajiye rariya don dariya. Na fita na bar musu gidan, wanda a ganina shi ne mafi girman martani.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na kira Sa'adiya a Dandume. Na fara yi mata shimfiɗa a kan tsarin ƙashin wuyan doki, ta katse ni: “Yaya Mutallab, katina zai ƙare. Yana jin ciwo ko ba ya ji?” Na ce yana ji. Ta ce to ƙafarta tana tare da tawa.

Biyu da biyu ke nan. Dimokuraɗiyya ta cije.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Bayan an sauko daga masallaci Inna ta tura mu wurin Baba Sanda, ƙanin mahaifinmu, ta ce ta gaji da gidan da ake cin tuwo ba a kallon juna.

Na shirya sosai. Na yi magana a kan jin ƙan dabbobi a shari'a da a kimiyya, na kawo muhawarar da masana harkar dawaki suke yi a kan wannan igiya: masu cewa a hannun gwani, na ɗan lokaci, tana gyara doki, da masu cewa tana rufe ciwo ne kawai ta bar shi yana ci daga ciki. Na yi adalci ga ɓangarorin biyu kafin na rushe na farko. Alal haƙiƙa ban taɓa jin balagata ta zauna daidai kamar yau ba. Baba Sanda yana ta ɓare gyaɗa.

Yaya bai yi dogon zance ba. Ya ce shi ne a kan sirdi, shi ne mai 'ya'ya, kuma ƙafa biyu gare shi.

Baba ya karkaɗe ɓawon gyaɗar daga rigarsa. Ya ce ranar da aka yi cinikin dokin yana wurin, kuma shi ya shaida rabon. “Awaisu biyu, Mutallab ɗaya, yarinyar nan ɗaya. Huɗu ke nan, sun ƙare. Ni dai ban ji an raba kai ba. Ko an raba bayan na tashi?”

Muka ce ba a raba ba.

“To kan na Bidi ne. Wanda bai saya ba kada ya ɗaure.”

Na so in yi tsokaci cewa wannan natija ita ce ainihin abin da jawabina ya nufa, amma ya riga ya miƙe neman buta. Ko ta wace hanya aka bi, gaskiya ta yi rinjaye. Na dawo gida ina jin iska tana shiga ƙirjina.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Murnata ba ta kai ko'ina ba.

Yaya ya kwance igiyar da hannunsa, ya rataye ta a turke. Sannan ya ce ya bi hukuncin Baba, amma shi ba zai sake hawa ba, kuma tunda ƙafafunsa nasa ne, zai sayar da su ga Alhaji Bature, dillalin dawaki na Funtua. Kowa ya san in Alhaji ya riƙe rabin doki, sauran rabin ma ya tafi. Daga nan kuwa Allah kaɗai ya san hannun da Bidi zai faɗa, da irin ƙarfen da za a cusa masa a baki.

Bai faɗa da fushi ba. Da ma da fushin ya faɗa.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Na kasa karatu, na kasa zuwa gona, ana ta sussukar dawa ba ni.

Mas'alar da na tsallake ita ce wannan: me ya sa yake wurga kan tun farko? Yaya ya ce taurin kai ne. Ni na ce igiya zalunci ce. Babu ɗayanmu da ya tambayi dalili. Doki ba ya wurga kai don nishaɗi.

A aji uku na jami'a an koya mana wani ɗan ƙaramin haƙori da yake fitowa wasu dawakai a gaban turamen haƙora na sama, daidai inda ƙarfen linzami yake zama. In ƙarfe ya buge shi, zafin har ƙwaƙwalwa. Na amsa tambaya a kansa a jarrabawa, na ci maki mai kyau. A zane na san shi.

Talata, 12 ga Nuwamba

A rubuce yake a nan kawai, ba wanda zai gani: ban taɓa sa hannuna cikin bakin doki ba. Na akuya na sa, na tunkiya na sa.

Na tsaya gaban Bidi da tocila har ƙafata ta yi sanyi. Duk lokacin da na kai hannu sai ya ɗaga kai sama, ni kuma in ja baya fiye da yadda mutunci ya yarda. Ban san Yaya yana bakin rumbu yana kallo ba.

Ya zo ya kama ragama, ya dafa hancin, yana yi masa wata magana ƙasa-ƙasa da ban taɓa jin ya yi wa mutum ba. Ya zura yatsa ta gefe inda babu haƙora, bakin ya buɗe. “Duba abin da za ka duba, Farfesa, kafin ya canza shawara.”

Yana nan. Ɗan mitsitsi, a hagu ta sama, dasashin da ke kewaye da shi ya yi ja ya kumbura. Turamen baya kuma sun yi kaifi sun yayyanka kumatunsa ta ciki. Na danna wurin kaɗan da bayan cokali, Bidi ya wurga kai har ya ɗaga Yaya daga ƙasa.

Yaya ya ce, “Haka. Haka ya yi mini bara.” Ya karɓi tocilar ya leƙa da kansa, ya daɗe. Sai na ji ya ce, ba da ni yake ba, “Ashe ina ta jan ka a kan ciwo.”

Ina da jimla mai kyau da na tanada don irin wannan lokaci. Ban san inda ta shiga ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Dakta Enoch, likitan dabbobi, ya zo daga Malumfashi a kan babur da jakarsa. Ya duba, ya tabbatar da hasashena ba tare da gyara ko ɗaya ba, kuma a gaban Baba Sanda, wanda hakan ya yi mini daɗi ƙwarai. Ya yi wa Bidi allura, ya cire haƙorin, ya goge kaifin turamen da magagari. Ni na riƙe harshe. Yana da santsi da nauyi, littafi bai ambaci wannan ba.

Ya ce kada a sa masa linzami sai wurin ya warke, a jiƙa masa dusa. Na tambaye shi ra'ayinsa a kan igiyar, ina sa ran ya yi Allah wadai da ita. Ya ɗaga kafaɗa. Wai ya ga inda ta yi amfani, ya ga inda ta kashe doki da ransa, kuma ya fi ganin na biyun. Amsar ɗan siyasa.

Ya ƙara da cewa ciwo yana warkewa kafin tsoron ciwo ya warke. Mai yiwuwa Bidi ya ci gaba da wurga kai na wani lokaci don sabo. Wannan ya faɗa yana kallon Yaya.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Alhaji Bature ya aiko a ji ko maganar tana nan. Yaya ya ce a gaya masa ana shawara. Bai ce a'a ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Bidi ya cinye dusarsa tas, har yana tura bokiti da hanci. Inna ta ce rabon da ta ga haka tun damina. Wuyan ya saki. Alhamdu lillahi.

Litinin, 25 ga Nuwamba

An mayar da linzami, kamazuru ɗaya tak. Yaya ya hau. Ban roƙe shi ba, ban ma san zai hau ba, fitowa na yi na ga sirdi a kai.

Suka bi hanyar Kafur, ni ina biye a babur daga nesa. Tafiya lafiya, sassarfa lafiya. Numfashin nan mai sauti babu shi. Da ya sake shi a fili sai ya wurga kai sau ɗaya, ba da ƙarfi ba, Yaya ya kauce. Ya tsaya, ya sauka, ya tsuguna a gefen hanya.

Na iso na fara bayanin cewa wannan sabo ne kawai kamar yadda Dakta ya yi hasashe, kuma a ƙididdige haɗarin ya ragu matuƙa. Ya ɗago ya dube ni. Tsoro na gani ƙarara a idonsa. Yayana, wanda yake kama bijimi ta ƙaho.

Ya ce, “Mutallab, in na faɗi ranar Asabar, 'yata Kausar da ƙannenta kai ne ubansu. Ka ji ko?”

Na ce na ji. Ƙididdigar ban ƙarasa ta ba.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Shugabannin ƙungiyar masu dawakin tsere sun ji labarin hukuncin Baba Sanda, ya zaga har Funtua. Sun nemi in yi jawabi ranar tsere a kan ko a haramta igiyar ko a bari. Na rubuta muƙala mai shafi da yawa, na sa mata take mai nauyi. Ita ce mafi kyawun abin da na taɓa rubutawa.

Akwai sakin layi guda a kan mahayan da suke ɓoye gazawarsu a bayan igiya. Na karanta shi sau da dama. Ginin jimlolinsa ba shi da aibi.

Asabar, 30 ga Nuwamba

An yi, an gama, kowa ya dawo da ƙafafunsa. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Jawabin bai yi tsawon da na tsara ba, saboda rana ta yi zafi kuma lasifikar tana ƙara. Dalilin ke nan. Na ce musu kafin mutum ya ɗaure kan dokinsa ya buɗe bakinsa ya duba, kuma wanda ya ɗaure don tsoron ransa ba mugu ba ne, a taimake shi ya gano ciwon. Sai na zauna. Wani dattijo ya ce, “Shi ke nan, ɗan boko?” Na ce shi ke nan. Sun ɗage yanke hukunci zuwa wani zama, wanda a da zai fusata ni.

Da aka jera dawaki Bidi yana ta taka ƙasa. Aka sake su. A kwanar farko ya ɗaga kai, na ga farin goshinsa ya yi sama, na ga Yaya ya kwanta gefe. Abin da ya biyo baya ba zan iya bayar da rahotonsa a ilmance ba. Na san dai na tsinci kaina a cikin fili inda aka hana 'yan kallo shiga, takalmina ɗaya babu, wani ɗan sintiri yana riƙe da rigata.

Yaya ya sauko yana haki, fuskarsa duk ƙasa. Na kama haɓarsa na juya ta hagu na juya ta dama, na ce ya buɗe baki. A gaban jama'a. Ya buɗe kuwa, yana dariya, giɓin nan ɗaya ne bai ƙaru ba. Ya ce, “Sake ni, Farfesa, ni ba doki ba ne.” Alhaji Bature ya matso yana yaba gudun, Yaya ya ce masa ƙafafun ba na sayarwa ba ne, ko kofato.

Bidi ya sha ruwa, numfashinsa sumul. Na duba bakin da kaina, ni kaɗai, babu jini.

Da la'asar Sa'adiya ta kira tana ihu, wai na nawa muka zo. Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na ga ban sani ba. Na ce ta riƙe, in je in tambayi Yaya.