Mutum Na Huɗu a Waƙar Baba

Oruvei, Sardiniya
4 ga Mayu, 1999

Zuwa ga ƙanena Tanielle,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Ingeborg da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Jamus? Ina fatan dushewar muryar nan da ka ambata a katin Kirsimeti ta sake ka. Mu nan kalau muke ban da Baba, kuma shi ne dalilin wannan takarda.

Sau huɗu na buga waya gidanka cikin mako biyu. Kullum matarka ke ɗauka, kullum wai ba ka nan. Ni ba yarinya ba ce, Tanie. Na san kana tsaye a gefenta kana girgiza mata kai. To ga takarda nan, sai in ga yadda za a ce mata ba ka nan.

Baba yana kwance tun bayan Ista. Idon ya tafi gaba ɗaya, ko fitila ba ya gani, kuma likita ya ja ni bakin ƙofa ya ce zuciyar ba za ta kai lokacin tsinkar inabi ba. Ba ya cin komai sai burodi da na jiƙa masa a romo. Bakin dai yana nan yadda ka bar shi, jiya ma ya ce romona ko kare sai ya yi shawara kafin ya sha.

Ranar Lahadi ya ce yana son ya ji waƙar tenore ta gidanmu cikakkiya, muryar mutum huɗu a haɗe, a cikin ɗakinsa, kafin a fitar da shi. Mijina Bore zai ja baiti, tunda shi Baba ya koya wa. Gavinu da Micheli 'ya'yan kawu suna nan da muryoyinsu na tsakiya. Bassu ne babu, mai muryar ƙasa da sauran ke tsayawa a kai. Shekara ashirin da ɗaya ke nan babu shi, tun ranar bikin waliyyin gari da ka bar Baba da mutum biyu tsaye a dandali da gurbi a tsakaninsu, gari duka yana kallo, kai kuwa kana cikin jirgin ruwa. Ban rubuto don in tono wannan ba, amma ai ka san ba a sake yin waƙa a gidanmu ba tun ranar.

Bore ya ce a aro bassu daga garin gaba. Baba ya ce in aka kawo masa ɗan wancan gari zai tashi ya kore shi da sanda, wai su a buɗe suke sakin maƙogwaro kamar masu kiran jaki. Daga nan ya juya fuska bango ya ce, "Ai ina da bassu, ni na haife shi." Bai faɗi sunanka ba. Amma ni da nake kwashe masa fitsari na san nauyin abin da ya ɗaga kafin ya faɗi hakan.

Ka zo, don Allah. Ko kwana biyu ne.

Ka gaida Ingeborg, ka shafa mini kan yara.

Yayarka,
Mallena

Oruvei
19 ga Mayu, 1999

Tanielle,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya a gidanka, tunda dai ba ka ga dama ka sanar da ni ba. Kullum sai na tare mai kawo wasiƙu a bakin titi, har ya fara sauya hanya in ya hango ni.

Baba ya ƙara rauni. Ƙafafun sun kumbura.

Akwai abin da ya faru da nake so ka sani, ko ranka zai ɓaci ka taso. Ba ka san Haddu ba. Mutumin Maroko ne, daga duwatsun can, shekara tara yana kiwon tumakinmu. Dattijo ne mai shiru, ba ya cin alade, ba ya shan giya, Baba yana tsokanarsa yana kiransa liman, shi kuma yana kiran Baba tsoho mai rigima. Ranar Juma'a da safe na hau tudu zuwa garke in kai masa burodi. Ina zagayo katangar dutse sai na ji bassu, namu na gida, a matse can cikin ƙirji yadda kake yi. Kwandon ya suɓuce daga hannuna. Na ɗauka ka zo ne ka ji kunyar shiga gari. Na ruga ina kiran sunanka, sai na tarar da Haddu a tsugune yana tatsar tunkiya, yana rera wa bokiti.

Na zauna a kan dutse na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna. Da na natsu na tambaye shi inda ya samo. Ya ce wurin Baba. Wai shekarun da Baba ke iya hawa garke, in suna tatsa, ba baitinsa yake rerawa ba, naka ɓangaren yake yi shi kaɗai a hankali, yana ganin baƙo ba ya gane komai. Haddu ya ce su ma a garinsu kafaɗa da kafaɗa ake tsayawa a yi waƙa, kuma wannan sautin na ƙirji ya san shi tun yana yaro a wurin zikiri, saboda haka kunnensa ya ɗauka ba tare da ya nema ba. Ka ji, Tanie. Shekara da shekaru mahaifinka yana cike gurbinka a gaban tumaki.

Na yi kuskure na gaya wa Bore. Ranar askin tumaki ya ja Haddu da 'ya'yan kawu cikin rumfa ya ce a gwada. Suka haɗa kafaɗa, kowa ya toshe kunne ɗaya da hannu, Bore ya ja baiti, su uku suka shigo. Ya zauna daram, babu ko 'yar ɓaraka. Micheli ya yi ta dariya yana cewa ga liman ya fi 'yan gari. Gavinu kuwa ya fita yana huci, wai tun kakanni ba a taɓa sa baƙo cikin da'ira ba, wai gobe kuma sai a sa mata.

A hanyar gida Bore ya ce mini in yi tunani. Bassu ba ya furta kalma, sauti kawai yake riƙewa, babu mai jin harshensa. Baba kuma ba ya gani. Na ce masa in ya sake faɗin haka zai kwana a garke. Amma maganar ta shiga kaina ta ƙi fita, kuma ina jin tsoron kaina.

Kar ka bari in yi wannan. Ka zo ka hana ni.

Yayarka,
Mallena

Oruvei
1 ga Yuni, 1999

Ƙanena, ɗan'uwana,

Ina gaishe ka, ina tambayar jikinka, tambayar da ya kamata in yi tun farko da zuciya ɗaya. Wasiƙar Ingeborg ta iso jiya. Ta ce a ɓoye ta rubuta, kar ka yi mata faɗa, ta yi abin da ya dace.

Tun watan Fabrairu aka cire maka maƙogwaro, kuma ka hana a gaya mana. Wata huɗu kana rubutu a kan allo in kana son ruwa. Ashe da gaske kana tsaye a gefen wayar nan, kana jin muryata ina zaginka. Na karanta takardar sau uku a tsaye a kicin, na rasa inda zan sa kaina. Ka yafe mini duk abin da na rubuta.

Ta ce ka karanta wasiƙuna, ka rubuta mata cewa bassu Baba ya nema ba ɗa ba, kuma ba za ka iya tsayawa a ɗakin makaho kana shiru ba, shi ba ya ganinka kai ba ka iya ce masa ga ni. Tanie, wannan taurin kan iri ɗaya ne da nasa, ku biyu za ku kashe ni. Yana da hannu, kana da fuska. Ka zo haka nan. Na roƙe ka da kabarin Inna.

Yanzu ga nawa laifin. Kwana biyar kafin takardar ta zo, Baba ya ƙi magani ya ƙi ruwa, ya ce me zai jira. Sai na ji bakina yana cewa ka rubuto, kana tafe ranar Lahadi ta sama. Nan take ya karɓi cokali. Tun ranar kullum sai ya tambaye ni yau wace rana. Ya sa Bore ya yi masa aski, ya sa na fito da rigarsa ta biki na shanya. In na ce masa ƙarya na yi, a hannuna zai mutu a ranar.

Na hau garke na sami Haddu. Ya ƙi. Ya ce mutumin da ya ba shi wurin kwana lokacin da babu wanda ke amsa masa gaisuwa a garin nan, ba zai yaudare shi a bakin kabari ba. Ni Mallena, da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai a coci, na durƙusa masa a cikin kashin tumaki. Ya juya baya yana cewa in tashi don Allah, in tashi. A ƙarshe ya ce zai yi waƙar, waƙar kawai. Ba zai ce shi ɗan kowa ba ne, kuma in Baba ya tambaye shi wane ne, gaskiya zai faɗa. Gavinu ma ya sauko da Bore ya gaya masa halin da kake ciki, ko da yake har yanzu ba ya kallon Haddu in suna gwaji.

Saura kwana biyar. Akwai jirgin ruwa daga Genova kowace rana. Zan tsaya a bakin titi ranar Asabar har motar ƙarshe ta wuce.

Allah ya ba ka lafiya. Ka gode wa matarka a madadina.

Yayarka mai ƙaunarka,
Mallena

Oruvei
12 ga Yuni, 1999

Tanielle, ƙanena,

Ina gaishe ka, ina yi maka ta'aziyya kamar yadda ake yi mini. Na san Ingeborg ta gaya maka Baba ya rasu ranar Talata da safe, mun binne shi kusa da Inna. Abin da ban iya faɗa mata a waya ba shi zan rubuta.

Na tsaya ranar Asabar, ba ka sauko ba. Ba na riƙe ka da wannan.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci na shiga na ce wa Baba ka iso, amma ka rantse ba za ka buɗe baki da magana ba sai ka biya waƙar da ka gudu ka bari. Ya yi ɗan murmushi ya ce wannan ya yi kama da kai. Na sa Haddu ya yi wanka da sabulun kanti don warin garke, ya sa kwat ɗin Bore. Ni na sa masa maɓallan.

Suka tsaya su huɗu a ƙarshen gado. Taga a buɗe take saboda zafi, kuma maƙwabta sun taru a titi, kowa ya san abin da muke yi, kowa ya rufa mana asiri. Bore ya ja baitin tafiyar tumaki zuwa kwari. Da bassu ya shigo na ji shi a katakon da nake tsaye a kai. Baba ya ɗaga hannu ya toshe kunnensa ɗaya, leɓɓansa suna motsi. Baiti uku suka yi, Gavinu yana waƙa hawaye na bin gemunsa, kafaɗarsa manne da ta Haddu.

Da suka tsaya Baba ya ce, "Bassu, zo nan." Haddu ya dube ni. Ban iya ɗaga ido ba. Ya je ya durƙusa a bakin gado. Baba ya lalubo kansa, ya shafa gashin, ya bi goshi da kunne da gemu a hankali. Na jira tambayar, na ce shi ke nan mun tonu. Bai tambaya ba. Ya ɗora tafinsa a tsakiyar kan ya ce da ƙarfi yadda har na titi suka ji, "Tanielle, ɗana, na yafe maka. Ni ma ka yafe mini, ni na kore ka da bakina tun kafin ka tafi." Ya sa albarka irin ta tsofaffi. Daga nan ya jawo kan kusa da bakinsa ya yi raɗa mai tsawo.

Kwana huɗu ina yawo da wannan a ƙirji, cewa na sace albarkar ƙanena na ba wani, kuma na sallami mahaifina da ƙarya. Ko a wurin binnewa ban iya addu'a ba.

Shekaranjiya Haddu ya sauko daga garke ya same ni a kicin, ya ƙi zama. Ya ce ga abin da Baba ya raɗa masa: "Liman, ɗan banza, inda nake jan numfashi nan kake ja, ɗana ya fi mu dogon numfashi. Tun baitin farko na gane ka. Waƙar taka ce, ka riƙe. Abin da na ɗora maka a ka kuwa ba naka ba ne, ka kai masa." Ya ce akwai sauran magana, amma ba tawa ba ce, taka ce.

Na ce ya faɗa in rubuta maka. Ya ce a'a, amana ce, kuma da hannu aka ɗora masa, da hannu zai sauke. Bore ya karɓi tumakin na mako guda. Haddu zai hau jirgin ruwa ranar Alhamis, jirgin ƙasa zai sauke shi a garinku ranar Asabar da rana. Bai san Jamusanci ko kalma ɗaya ba, na rubuta masa adireshinka a takarda ya sa a aljihun kwat.

Ba sai ka ce masa komai ba, Tanie. Ka buɗe ƙofa, ka sunkuyar da kanka.

Ina gaida Ingeborg da yara. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ka lafiya.

Yayarka har abada,
Mallena