Shanun Kawu Bamanga a Gonar Gwaji

Barunde, Gombe.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin naki, ya ciwon ƙafar? Ya su Delu da yara? Mu nan lafiya lau, ban da zuciyata.

Na zaɓi rubutu ne don in na kira ki a waya zan ɗaga murya, alhali ba ke kika yi mini laifi ba. Ƙaninki ne, Kawu Bamanga.

Kin san gonar gwajin da wurin aikinmu ya ba ni a bayan gari, inda nake renon ciyawar nan dangin wake, wadda ba ta bushewa da rani. Shekara da shekaru ina zaɓen irinta da hannuna, don wata rana makiyaya su daina kora shanu kudu neman abinci. Bana ta yi 'ya'ya sun nuna, ina jira su bushe in tattara. Duk irin da nake da shi a duniya yana cikin gonar nan.

To, Kawu ya biyo da garkensa ya ga kowa ya girbe, tawa kaɗai ke kore shar. Sai ya yanke wa kansa hukunci cewa in an gama girbi, abin da ya rage a gona na shanu ne. Ya ɗage wayar shingen ya zuba su ciki, suka kwashe ta tas, ko kwanso ɗaya ban tsinta ba. Da na same shi, ko a jikinsa. Wai ma in gode masa, shanunsa sun bar mini taki! Na gaya masa magana a gaban yaransa, ban kuma yi nadama ba.

Inna, ki yi masa magana. Ke kaɗai yake jin nauyinki.

Ki gaida kowa da kowa.

'Yarki,
Zulfa.

Barunde, Gombe.

Zuwa ga Inna,

Sallama da gaisuwa, da fatan damina ta same ku lafiya. Na ji ƙafar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa.

Saƙonki ya iso ta bakin Delu, wai babba ba ya laifi, in yi haƙuri. Wata da watanni ina jiran ki tsaya mini, abin da na samu ke nan. Na ji zafinsa fiye da ɓarnar shanun.

Ga abin da ya faru. Ƙwayar ciyawar nan tana da taurin ɓawo, takan bi cikin saniya ta fito da ranta. Da ruwan farko ya sauka na je inda garken Kawu ya yi kwanan rani, sai ga ta ta tsiro a cikin kashin shanu, nan da can. Na tsuguna a wurin na yi kuka kamar yarinya. Amma filin nasa ne, kuma maruƙa sun fara tsinkar ta. In ba a janye su an kewaye wurin ba, kafin ta yi fure ta ƙare.

Na aika Sallau, mijina, ya roƙe shi. Kawu ya amince, amma da sharaɗi: sai na zo gidansa na unguwar Jekadafari ran Juma'a, na durƙusa a gaban dangi na nemi gafarar ɗaga masa murya. Shi da ya cinye gumina, ni ce mai ba da haƙuri! Na san kuma za ki zo, za ki zauna gefensa kina jin daɗi 'yarki ta yi hankali.

Zan zo, Inna. Zan durƙusa, zan faɗi duk abin da yake son ji, har hawaye ma ƙila ku gani. Amma ke ki sani tun yanzu, don kada ki yi murnar banza: ciyawar nan zan durƙusa wa, ba ƙaninki ba.

Allah ya bar mana ke. A gaida Delu.

Taki har kullum,
Zulfa.