Muryar Mahaifiyarki a Aljihun Ɓarawo

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikokina, ya kuma ƙara muku rufin asiri. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar nan tawa ta yi sauƙi tun da na ji maganar likita na rage tsugunno a gaban katako, kodayake kafintan da ba ya tsugunno ban san abin da ya rage masa ba. Yayanki na nan yana fama da aiki, matarsa kuwa ta tasa ni gaba da abinci kamar ana kiwona. Gwaggonki ma ta zo ta cika mana gida da surutu, ta koma.

Na san yayanki ya riga ya gaya miki an sace wayata, amma kin san halinsa, magana biyu ya kashe waya. Akwai abin da ban iya gaya miki da baki ba, don na san muryata za ta ba ni kunya. Shi ya sa na ɗauki biro, zan ba abokin aikin maigidanki da zai zo wajenku.

A motar haya abin ya faru. Na je sayo ƙusa da fatar ƙofa, ƙarfen nan da ƙofa ke juyawa a kai, na dawo hannu biyu a cike, motar kuma ta cika har ba wurin juyawa. Wani mutum mai fara'a ya ce in kawo ya riƙe mini leda ɗaya, har na sa masa albarka. Sai da na isa shago na shafa aljihu na ji wayam. Na zazzage ledoji, na tona tarin dusar katako, har cikin akwatin zarto na leƙa, kamar waya tana da ƙafa. Maƙwabcina mai walda ya kira lambar, ta yi ƙara sau ɗaya, da ya sake kira sai aka ce a kashe take. Nan na zauna a kan benci.

Yayanki ya zo bai tsaya jaje ba. Ya ce kafin komai banki, don ɓarawon yanzu ba wayar ce kaɗai ta dame shi ba, layin da ke ciki yake so. Ya kira su da tasa wayar, na amsa tambayoyinsu, suka rufe asusun. Daga nan muka wuce ofishin kamfanin layi da katin shaidata, aka toshe tsohon sim aka ba ni sabo da lambata ta da. Muna kan layi yana ta sanar da dangi cewa duk wanda ya ga saƙo da sunana ana neman taimako, kada ya kula. Gwaggonki ta ce ita ko ba a gaya mata ba ba za ta yarda ba, don ni ko yunwa na kashe ni ba na roƙo.

A wajen 'yan sanda suka nemi wata doguwar lamba da ke jikin kwalin wayar. Na ce ina zan ga kwali yanzu? Sai yayanki ya ce mu duba saman kabad ɗin mahaifiyarku. Auta, yana nan. Tun rasuwarta ban taɓa hawa wurin ba. Kwalin dutsen guga, kwalin rediyo, kwalin wayata, duk ta jera su ta lulluɓe da tsohon zane. Kin tuna yadda nake tsokanarta ina cewa ta mai da mana ɗaki shagon kwalaye? Na sauko da kwalin, na daɗe ina goge ƙurar da babu ita.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Da muka dawo gida yayanki ya buɗe kwamfutarsa ya ce saura abu ɗaya. Tunda ke kika shirya mini wayar kika bar masa lambar sirrin, yana iya ba da umarni daga nan a goge duk abin da ke cikinta da zarar an kunna ta. Ya ce dole ne a yi, don ban sa mata makulli ba, kowa ya ɗauka zai buɗe, ga hotunanki da na yaranki, ga lambobin mutane, ga saƙonninmu na gida. Na ce ya dakata, na gaya masa dalili. Ya kalle ni, ya gane, ya sunkuyar da kai.

Ke ba ki san da wannan ba. Akwai saƙon murya guda na mahaifiyarki a wayar. Ba ma da niyya ta turo shi ba. Kin san yadda take danne waya da babban yatsa ta manta. Tana kicin, ana jin ludayi na bugun tukunya, tana ta mita ita kaɗai, wai mutumin nan ya sake barin makullin shago a kan firji, wata rana kansa ma zai manta a mota. Sai murfi ya faɗi ƙasa, ta yi salati, ta fashe da dariya, saƙon ya yanke. Shi ke nan. Tata wayar ta lalace tun tana raye, yayanki kuma ya duba ko saƙon ya shiga ajiyar nan da ake yi ta intanet, ashe ban taɓa kunna ta ba. Kullum idan na buɗe shago da safe, kafin in ɗauki guduma, sai na saurare shi. Kafin ranar nan ban taɓa gaya wa kowa ba.

Na yini ina juya abin a raina. Zuciyata na cewa muddin ba a goge ba, muryar na nan a duniya, ko da a aljihun ɓarawo ne, watakila wata rana a kama shi. Sai kuma na tuna fuskar mutumin nan mai fara'a, na ga shi zaune da abokansa yana kunna dariyar matata suna yi mata dariya, yana buɗe hoton 'yarki yana kallo. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san da za a tambayi mahaifiyarki, ita da ko labulen ɗakinta ba ta yarda iska ta ɗaga, cewa za ta yi a goge tun jiya. Da la'asar na kira yayanki. Ya ce bari shi ya danna, na ce a'a, ya nuna mini wurin kawai. Da yatsana na danna. Washegari ya ce alama ta nuna an kunna wayar, umarnin ya shiga. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, a shago, na juya wa titi baya ina yi kamar ina auna katako.

Yanzu ina da sabuwar waya, da makulli, yayanki kuma ya kunna mini ajiyar. Ke ma ki yi haka yau, kada ki ce gobe. Ki adana kwalin taki, ki haddace lambar mutum biyu a kanki, duk abin da kike ƙauna a wayar ki ajiye shi wuri biyu. Idan kina da wani saƙon muryarta, ko na gaisuwa ne, ki turo mini. Idan babu, kada ki sa damuwa a ranki. Na gano na haddace wancan tsaf, har inda murfin ke faɗuwa.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Tun da abin ya faru kowa lallashina yake yi. Mai walda ya ce Allah ya mayar da alheri, matar yayanki ta ƙara mini nama, yayanki ko kallon banza bai yi mini ba. Babu wanda ya ce da ni wane irin mutum ne zai sa waya a aljihun gefe cikin cunkoso, ya kuma sa wa ɓarawo albarka. Da mahaifiyarki na nan da na sha faɗa har mako ya zagayo. A cikinku ke kika ɗauko bakinta, har yadda take jan numfashi kafin ta fara. Saboda haka idan takardar nan ta iso, ki kira ni da safe, lokacin buɗe shago. Kada ki yi mini jaje, na ƙoshi da shi. Ki yi mini faɗa sosai, ni kuma zan yi shiru in saurara.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki shafa mini kan Babba da Ƙaramar Hajiya, ki ce kujerun da na yi musu alkawari saura fenti. Yayanki da matarsa da Gwaggonki duk suna gaishe ku. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mahaifiyarki, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mahaifinki mai jiran kiranki,
Baba