Kardamomon Buhun Bayan Ƙofa

Yaya Abelino,

Ba zan iya jiran ka dawo daga gona ba. Motar maƙwabcinmu Macario za ta tafi garin Cobán yanzu, a ciki zan kai Inna asibiti.

Tun safe take amai. Ta ce, "Herlinda, daka mini kardamomo, kayan ƙamshin nan na gonarmu, ki tafasa, yadda nake yi muku kuna yara." Gwangwanin busasshen babu ko ƙwaya, sai na ɗebi ɗanye a buhun bayan ƙofa, ko wankewa ban yi ba. Kofi uku ta sha. Aman bai tsaya ba, sai ga yawu yana dalala, hannunta na rawa, ta ce ba ta ganina sosai.

Macario ne ya shinshina buhun ya ce, "Ke! Wannan ai na gonarku ta gangaren rafi ne. Shekaranjiya na ga yayanki yana masa feshin ƙwari."

Sau nawa na ce ka ɗaura jan tsumma a bakin buhun kardamomon da aka yi wa feshi, kamar yadda Baba yake yi? Kai kullum sauri.

Akwai saura a tukunya kan murhu. Kada ka sha, kada kaji su taɓa. Haƙa rami ka zubar. Ka biyo mu da kwalbar maganin feshin, likita zai nemi sunansa.

Laifin ba naka kaɗai ba ne. Kowane kofi ni na kai mata baki, tana sha tana sa mini albarka.

Herlinda