Sharaɗi na Bakwai

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yaran da ban taɓa gani ba. Na san sai ka juya ambulan ka sake duba sunan, don shekara goma sha tara ban rubuto maka ko harafi ba. Ni ne dai, yayanka mai taurin kai, sai dai kan ya yi furfura.

Tanderun Baba yana nan yana gasa burodi, amma ba da hannuna ba. Na dama ya fara rawa tun bara. 'Yata Ƙarama ce ke yin komai yanzu. Da bayan hannunta take gane zafin wuta kamar yadda Baba yake yi, kuma kullum sai ta cire ɗan curin kwaɓi ta ajiye a lotsattsen kwanon nan don ya tayar da na gobe. Curin nan bai taɓa yankewa ba tun Baba yana raye.

Damuwata lasisi ne. Da sunana yake, kuma yanzu duk shekara sai mai lasisi ya je Hukumar Burodi ya yi kwaɓi a gaban jami'ai. Kada ka yi dariya, da gaske nake. Wata mai zuwa ne nawa, hannun nan kuwa ba zai rufa mini asiri ba. Zan je in roƙi a mayar da shi sunanta. Ka sa mu a addu'a, in zuciyarka ta yarda.

Yayanka,
Mai Tanderu

Ƙanena Auta,

Ina gaishe ka da iyalinka, ya jikin ƙaramin naka da ka ce yana haƙora? Amsarka ta zo, na karanta ta sau uku.

Na je hukumar. Ka tuna ta? Tebur ɗaya da kujera biyu a bayan ofishin kasuwa, shekarar da fulawa ta yi wuya, aka ce na wata shida ne kawai, a raba buhuna bisa adalci. Fulawa ta dawo, tebur bai tafi ba. Yau bene ne hawa huɗu. Da suka ƙayyade farashi muka rage girman burodi, sai aka buɗe sashen awo. Muka ƙara ruwa don ya yi nauyi, sai aka buɗe sashen duba kwaɓi. Duk dokar da ta jawo matsala, ba a soke ta, ƙanwa ake yi mata. Mu goma sha biyu ne masu gidan burodi a da, yanzu saura huɗu, masu duba mu kuwa filin ajiye motocinsu ya yi musu kaɗan.

Kwana uku ina hawa ina sauka. A ƙarshe wata jami'a da ba ta girmi Ƙarama ba ta ba ni kujera har da ruwan sha. Babu mugunta ko kaɗan a fuskarta, wannan ne ya fi ci mini rai. Ta ce sharaɗi na bakwai ya hana: lasisi ba a gadonsa, ba a aronsa, ba a ba ɗan'uwa, sabo kuma an daɗe da daina bayarwa. Na tambaye ta wane marar imani ne ya rubuta haka. Ta ɗauko wani tsohon fayil ta buɗe a gabana.

"Ai ku kuka nema, Baba. Ga takardar ƙungiyarku, ga sa hannun shugaba."

Auta, rubutuna ne, na lokacin da hannun ba ya rawa. Ka daɗe kana zargi, yau na faɗa. Da ka gina naka tanderun a bakin tasha, mutane suka koma wajenka don burodinka ya fi laushi, ni na tara sauran muka kai kuka cewa sababbi suna ɓata sana'a, a yi mana lasisi. Ni na ƙara na bakwai don kada Inna ta matsa mini in raba nawa da kai. Haka ka rasa lasisi, ka bar garin. Na ɗauka aron sanda na yi, in na gama da ita in mayar. Ina jin kunyarka ƙwarai, ka yafe mini in za ka iya.

Yayanka,
Mai Tanderu

Auta ɗan'uwana,

Ina fatan kun tashi lafiya. Mu dai muna nan.

An yi gwajin, kwaɓin ya suɓuce mini a gaban mutum biyar. Shekaranjiya suka zo suka sa kwaɗo a ƙofa. Kafin su rufe na dafa bangon tanderu, na ji shi da sanyi, abin da ban taɓa ji ba tun ina yaro. Burodin babban kamfanin da hukuma ta amince da shi har ya cika shagunan layinmu. Ƙarama ta ɗauki kwanon curin ta wuce gida, da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi.

Na gode da yafiyarka, na gode da ka ce in turo ta ta yi aiki wajenka har ta gina nata. Za ta hau motar Asabar da kwanon nan a cinyarta. Ka tanadi fulawa, curin ba ya kwana biyu ba a ciyar da shi ba.

Sai dai ƙarshen wasiƙarka ya hana ni sukuni. Ka ce masu burodin garinku sun naɗa ka shugaba, kuna shirya takarda ku roƙi hukuma ta dakatar da sababbin shigowa, na ɗan lokaci, har kasuwa ta daidaita. Na san kalmomin nan, na san har inda ake sa waƙafi. Na kuma san ba za ka ji ni ba, don ni ma Inna ta yi ta kuka ban ji ba. Abu ɗaya nake roƙo. In kun zo rubuta "sababbi", ka ɗaga kai ka dubi wadda ke kwaɓi a bayan shagonka. Da yamma motar take isowa, ka je tasha da kanka.

Allah Ya bar zumunci.
Yayanka