Allon Ayar Anti Rahila

Daren Laraba, Kafanchan

Yanzu na dawo daga asibiti. An ɗinke goshin mijina Bulus, amma idonsa na hagu, likita ya ce sai addu'a. Hatsarin ma ƙarami ne, a hanyar Kwoi. Jakar iska ce ta buɗe, ta harbo masa allon ayar nan na ƙarfe da yayarsa Anti Rahila ta manna a tsakiyar sitiyari. Na hana, ta ce, "Ke, kin fi Allah iya tsaro ne?"

Yau ta zo tana murna, wai ayarta ce ta cece shi, za ta ba da shaida a coci ran Lahadi.

To, ta bayar. Allon yana jakata, ban wanke jinin ba. Tana gama waƙarta zan miƙa mata a gaban kowa.